Lardi, Gunduma da Jiha: Sharhi Bisa Littattafan da Ke Bayyana Rabon Ƙasar Katsina

1. Abin da ya kawo maganar

Malamin da aka ɗora wa koyar da labarin ƙasa ko tarihin mulki a kwalejin horon malamai ba ya rasa gamuwa da wata tambaya mai kama da sauƙi: yaya aka raba ƙasar nan, wa ya raba ta, kuma a wane littafi za a duba a tabbatar? In game da Nijeriya duka ne, amsar tana bakin kowa, watau jihohi 36 da Birnin Tarayya, da ƙananan hukumomi 774. Amma in ɗalibi ya matsa ya ce, to, ƙauyensu a ƙarƙashin wa ya ke a shekarar 1900, da 1930, da 1970, nan ne malami zai ga littattafan da ya dogara gare su ba bakinsu ɗaya ba.

Maganar kuwa ta wuce ta jarrabawa. Da irin waɗannan takardu a ke kafa hujja sa'ad da garuruwa biyu su ke jayayyar iyaka, ko gidaje biyu su ke takarar sarauta, ko wata al'umma ta ke neman a yanka mata gunduma ko ƙaramar hukuma. Wanda ya karanta su bai san wanda ya rubuta su da abin da ya sa ya rubuta ba, yana iya ɗaukar umurnin wani Razdan na shekara ɗaya ya mai da shi gadon kaka da kakanni. Saboda haka wannan takarda za ta bi madogaran nan aji aji, ta ɗauki ƙasar Katsina misali, ta nuna abin da kowane ya iya da inda ya gaza.

2. Madogaran da suka riga Turawa

Na farko su ne rubuce-rubucen malaman ƙasa da na matafiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, da bayanin ƙasashen Sudan ɗaya bayan ɗaya, Katsina tana cikinsu. Akwai kuma jerin sunayen sarakuna da labarun da Ofishin Fassara na Zariya ya tattara a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na ɗaya a 1932, na biyu a 1933. Sa'an nan ga Bajamushen nan Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya kuma sake biyowa a 1853, ya rubuta sunayen unguwannin birni da na manyan garuruwan ƙasar a ƙarshen littafin tafiyarsa.

Mai neman taswira a cikin waɗannan zai fita hannu rabbana. Abin da ke ciki sunayen garuruwa ne da na masu sarauta, da wanda ke bin wani. Wannan kuwa ba sakacin marubutan ba ne, yadda a ke lissafin mulki ke nan a zamanin. Sarki mutane ya ke mulka da garuruwansu. Tsakanin gari da gari akwai daji, kamar dajin Rugu na yammacin Katsina, wanda ba wanda ya ga bukatar ja masa layi. Mai sarauta guda yana iya riƙe garuruwa a gabas da yamma waɗanda ba su haɗa iyaka ba, yana aika musu jakadu su karɓo kuɗin ƙasa. Har wa yau jagororin jihadi a Katsina uku ne, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji, kuma zuriyar biyun na ƙarshe sun ci gaba da riƙe nasu ɓangaren da ƙarfi ƙwarai, ko da ya ke sarautar birni ta tabbata a gidan Dallazawa.

Darajar wannan aji ita ce ya nuna ƙasar yadda masu ita su ke ganinta. Rauninsa kuwa biyu ne. Jerin sarakuna labarin fada ya ke bayarwa, ba ya kula da ƙauye sai in an ci shi da yaƙi. Barth kuma baƙo ne mai wucewa, abin da aka gaya masa ya rubuta, da irin harafin da kunnensa ya ji, har wani sunan sai an yi ta juya shi a baki kafin a gane garin. Jerinsa yana tabbatar da cewa gari kaza yana nan a 1851, ba ya tabbatar da inda gonakinsa suka tsaya.

3. Takardun bariki

Aji na biyu shi ne mafi yawa, shi ne kuma ya fi ruɗa mai karatu, gama yana da kamannin tabbaci: ga lamba, ga taswira, ga sa hannu. Gwamna Lugga ya iso Katsina a 1903, bayan cin Kano da Sakkwato. Daga nan aka fara rahoton shekara shekara na Razdan, da rahoton kimanta haraji na kowace gunduma, da littafin umurnin da Lugga ya yi wa jami'ansa a 1906, ya kuma sake gyarawa a 1918. Yawancin waɗannan suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Ya kamata a tuna inda aka zauna aka rubuta su. Turawan mulki a bayan ganuwa suka sauka, a wurin da mutanen da ke ce wa bariki, irin unguwar da yau a Katsina a ke kira GRA, kuma ƙa'idar da Lugga ya shimfiɗa ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Daga wannan tazara Di'o ya kan fita rangadi da tafinta, ya kwana biyu a gari, ya ƙidaya gidaje da magidanta da shanu, ya dawo ya rubuta. Tambayar da aka aike shi ya amso ita ce, nawa ƙasar nan za ta iya biya, kuma a wuyan wa za a rataya kuɗin? Tarihin da ya kan sa a farkon rahoto ɗan share fage ne, daga bakin wanda ke kan sarauta a ran nan ya ji shi, kuma ba a sa ran mai sarauta ya ba da labarin da zai raunana gidansa.

Babban abin da ya kamata malami ya gane shi ne, gunduma mai dunƙulalliyar ƙasa da hakimi zaune a tsakiyarta aikin wannan zamani ne. Turawa ba su ga yadda za su bi sawun haraji a garuruwa warwatse ba, don haka suka tattara maƙwabtan garuruwa wuri ɗaya, suka kawar da jakadu, suka ce kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa. A Katsina an yi wannan ne a zamanin H. R. Palmer, wanda ya tsaya aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko sarauta a 1906, kuma a nan ne aka fara kafa Baitulmalin En'e. Sarautun kansu tsofaffi ne: Ƙaura da ke Rimi, da Galadima da ke Malumfashi, da 'Yandaka da ke Dutsin-Ma, da Durɓi da ke Mani, da Marusa da ke Dutsi, da Sarkin Sulluɓawa da ke Kaita, da Sarkin Maska da ke Funtuwa. Tsufan sarauta kuwa ba ya nuna tsufan iyakar gundumar da aka ba ta. Wanda ya gauraya abin nan biyu ya faɗa ramin da mafi yawan masu rubuta takardun koke su kan faɗa.

Daga cikin wannan aji, waɗanda suka fi shiga hannun malamai su ne littattafan bayanin larduna da aka buga a 1920 da 1921, waɗanda A. H. M. Kirk-Greene ya sake fitarwa a 1972. A nan akwai wani tarko. Katsina a cikin Lardin Kano ta ke tun farkon mulkin Turawa har 1926, sa'ad da aka yi wa lardunan Arewa babban garambawul aka mai da ita Lardin Zazzau, sa'an nan a 1934 aka yi Lardin Katsina, wanda ya haɗa ta da Daura. Saboda haka ɗalibin da ya ji cewa Katsina ta taɓa zama a ƙarƙashin Zazzau, ya buɗe littafin Zazzau na E. J. Arnett na 1920, ba zai same ta ba. Tana cikin na Kano wanda W. F. Gowers ya shirya a 1921. Wanda kuma ya nemi littafin Lardin Katsina a wannan jeri, abin da ba a riga an haifa ba ya ke nema. Kowane ɗayansu hoton shekararsa ne kaɗai.

4. Iyakar arewa da Katsinar Maraɗi

Akwai wani gibi da duk takardun Ingilishi suka yi tarayya a kansa, watau a bakin iyaka su ke tsayawa. Sarakunan Katsina na dā, da jihadi ya fitar da su daga birni, sun kafu a Maraɗi, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina a ke ce masa. Ƙarnin nan na 19 duka, arewacin ƙasar fagen yaƙi ne tsakanin gidajen nan biyu, gari ya kan bi wannan bana, baɗi ya bi wancan. Haka Daura ta rabu uku, Daura da Zango da Ɓaure, har 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa na gidan Zango suka ba shi sarautar Daura.

Layin da ya raba Nijeriya da Nijar a teburin Ingila da Faransa aka ja shi. An fara da yarjejeniyar 1890, wadda ta ɗauko daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tabkin Cadi, aka sāke a 1898, aka kuma sāke a 1904 da 1906, domin Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 ne Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suka kafa alamomi 148. Littafin Derrick Thom na 1975 ya bi waɗannan yarjejeniyoyi daki daki, yana da amfani ga mai son sanin dalilin kowace lanƙwasa ta layin, amma daga wajen masu jan layin ya ke kallo. Na William Miles na 1994, wanda ya gwada ƙauyen Yardaji na ƙasar Daura da ƙauyen Yekuwa na Nijar, shi ya nuna abin da layin ya zama ga waɗanda aka ja shi a gonakinsu; sai dai ƙauye biyu ba su isa su tsaya a madadin iyaka duka ba. Labarun baka na Katsinawan Maraɗi da Issaka Dankoussou ya buga a Yamai a 1970, da Hausa da Faransanci, su ne ke ba da ɗaya gefen labarin. Malamin da ya koyar da rabon ƙasar Katsina bai leƙa su ba, rabin ƙwarya ya auna.

5. Masu bincike na baya

Aji na uku shi ne na masanan da suka zo suka yi aiki da na farko da na biyu. Littafin S. J. Hogben na masarautun Arewa, wanda ya fito a 1930, aka faɗaɗa shi tare da Kirk-Greene a 1966, shi ne ya daɗe a akwatin malamai. Yana da sauƙin dubawa, jerin sarakunansa kuma yana taimako. Aibinsa a tsarinsa ya ke: ya ɗauki masarautu kamar yadda Turawa suka daidaita su, ya ba kowace babinta, sa'an nan ya zuba tarihin ɗaruruwan shekaru a cikin wannan ma'auni. Mai karatu ya kan tashi da zaton cewa ƙasar Katsina ta 1750 da ta 1950 abu guda ne, sarakuna kawai ke sauyawa. Littafin da Walin Katsina Muhammadu Bello Kagara ya yi a kan Sarki Dikko a 1951 ya fi shi kusa da mutanen da abin ya faru a gabansu, da Hausa kuma aka rubuta shi, amma tarihin rayuwar sarki ne daga alƙalamin na kusa da fada, da wannan ido za a karanta shi.

M. G. Smith, a littafinsa na Daura na 1978, ya bi sarautu ɗaya ɗaya da garuruwan da kowace ke riƙe da su, kafin jihadi da bayansa. Ba wanda ya kai shi nuna yadda riƙon garuruwa ya ke tafiya. Amma da yawa daga abin da ya gina a kai ƙwaƙwalwar dattawa ce ta tsakiyar ƙarni na 20, kuma son da ya ke yi wa tsari mai daidaito ya kan sa abin da ke canzawa da ƙarfin mai riƙo ya fito kamar doka tsayayya.

Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan juyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, shi ya kawo gyaran da ya fi muhimmanci. Ya ƙi yarda a karanta tarihin ƙasar da ma'aunin ƙabila, Haɓe a nan Fulani a can, ya mai da hankali ga garuruwa da sana'o'i da ƙaura da hanyoyin fatauci, ya nuna yadda ƙasar Katsina ta ginu daga waɗannan. Ya kuma koya wa mai karatu ya tuhumi takardun Turawa kamar yadda a ke tuhumar kowane mai ba da shaida. Abin baƙin ciki ga mai wannan bincike shi ne littafin ya tsaya a 1883, shekara 20 kafin a fara yanka gundumomi. Aikin da ya ɗora daga nan, na Richard Hull a kan mulkin Katsina daga 1887 zuwa 1944, kundin digiri ne na 1968, ba kowane malami ke iya kai hannu gare shi ba. Ta haka zamanin da aka yi rabon da ya fi shafar mutane shi ne wanda littafinsa ya fi wuyar samu.

6. Dokoki da tsarin mulki

Aji na huɗu shi ne na doka. A nan shekaru a fili su ke. An haɗa Kudu da Arewa a 1914. An raba Kudu biyu a 1939, tsarin mulkin 1946 ya tsai da jihohi uku, aka ƙara ta huɗu a 1963. Jihar Arewa tana da larduna 12, suka zama 13 da shigowar Lardin Sardauna a 1961. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya yi jihohi 12, Lardin Katsina da na Zazzau suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 Janar Murtala ya mai da jihohi 19, sunan wannan ya koma Jihar Kaduna. Ran 23 ga Satumba 1987 Janar Babangida ya fitar da Jihar Katsina. Jihohi suka kai 30 a 1991, suka kai 36 a 1996. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya kawo ƙarshen En'e. Jihar Katsina ta fara da ƙananan hukumomi 7, watau Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa, ta kai 34 a 1996.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai lura cewa, ban da jihar da aka yi a 1963, soja ne suka yi kowane rabon jihohi tun bayan samun mulkin kai. Dokar soja kuwa umurni ta ke bayarwa, ba ta faɗin dalili. Mai neman dalili sai ya koma ga rahotannin kwamitoci, kamar na Willink na 1958, wanda ya saurari koken ƙananan ƙabilu bai ba da shawarar ƙara jihohi ba, da na Irikefe wanda ya share fagen rabon 1976. Ko a nan ma, abin da kwamiti ya shawarta da abin da gwamnati ta zartar ba kullum su ke daidai ba, don haka ba a kafa hujja da ɗaya a kan ɗaya.

Tsarin mulkin 1999 shi ne madogara mafi ƙarfi game da yau, amma ƙarfinsa yana da iyaka. Jadawalinsa na farko ya jera jihohi da sunayen ƙananan hukumominsu da babban birnin kowace. Birnin Tarayya kaɗai aka bayyana iyakarsa da ma'aunin taswira. Watau tsarin mulki ya san akwai Rimi da Charanci, bai faɗi inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Da gardama ta tashi, sai a koma ga iyakar gundumar hakimi da ta dagaci, daga nan kuma a koma ga rahoton Di'o, wanda aka riga aka ga yadda aka yi shi. Doka ta yau a kan takardar bariki ta ke tsaye.

Nauyin wannan jadawali ya bayyana a 2004, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihohin da suka ƙirƙiro sababbi, Katsina tana cikinsu. Jihar Ikko ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin ƙananan hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su jadawalin. Suna a takarda, ashe, shi ne abinci a akushi.

Littattafan ƙidayar jama'a ma a wannan aji su ke. Ƙidayar 1952 da larduna da gundumomi ta yi lissafi, ta 2006 kuwa da jihohi da ƙananan hukumomi, inda ta ba Jihar Katsina mutum 5,801,584. Ba a jera adadin wuri na 1952 da na 2006 a ce ga yawan ƙaruwa, sai an tabbatar ƙasar da sunan ya rufe ba ta sāke ba. Jerin sunayen da ke yawo a intanet sun fi kowa wannan laifi, gama su kan kawo suna da adadi ba tare da shekarar da rabon ya fara aiki ba.

7. Rikicin kalmomi

A nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kalmar jiha daga Larabci ta ke, asalinta fuska ko shiyya. A jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta zamanin Sardauna, Jihar Arewa tana nufin Arewa duka da lardunanta. Bayan 1967 kalmar ta sauko ta zama sunan ɗaya daga cikin gutsattsarin waccan. A gidajen rediyo kuma a kan ce Jihar Maraɗi, alhali gwamnan Maraɗi daga Yamai a ke naɗo shi, na Katsina kuwa zaɓensa a ke yi, yana da majalisar dokokinsa. Kalma guda ta ɗauki abu uku. Lardi, daga kalmar Larabci mai nufin ƙasa, ya rasa aikinsa a Nijeriya tun da aka soke larduna, sai masu fassara su ke aronsa ga rabe-raben wasu ƙasashe. Gunduma, wadda ta fito daga aikatau mai nufin yanko babban rabo, a Nijeriya ƙasar hakimi ce, amma a kan ji an kira mazaɓar kansila da ita.

Sunayen wurare ma haka. Daura tana iya zama birnin, ko ƙaramar hukumar yau, ko masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, watau Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, ko kuwa shiyyar ɗan majalisar dattawa mai ƙananan hukumomi 12, wadda 7 daga cikinsu, Mani, Mashi, Dutsi, Bindawa, Ingawa, Kankiya da Kusada, ƙasar Sarkin Katsina ce. Katsina kuma birni ce, ƙaramar hukuma ce, masarauta ce mai ƙananan hukumomi 29, tsohon lardi ce, jiha ce. Shiyyoyin nan shida na Nijeriya da kowa ke ambata, irin su Arewa maso Yamma, ba su cikin tsarin mulki ko kaɗan. Daga taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995 suka samo asali, al'adar siyasa ce ta tabbatar da su. Littafin makaranta da ya jera su tare da jihohi kamar matsayinsu ɗaya ya ɓad da ɗalibi.

8. Abin da sharhin ya tsaya a kai

In aka auna azuzuwan nan huɗu, ba wanda ya isa shi kaɗai. Rubutun malamai da na matafiya shi ne shaida a kan wanda ke bin wani kafin 1903, ba a neman layi a cikinsa. Takardun bariki su ne shaida a kan layin da ranar da aka ja shi, ba a karɓar tarihin da ke farkonsu sai an gwada shi da wani. Masu bincike na baya su ne ke fassara, kuma a cikinsu Bala Usman ya fi cancanta a fara da shi, Smith ya biyo, Hogben a ajiye shi don duba sunayen sarakuna. Doka ita ce shaida a kan suna da matsayi, ba ta san dalili ba, ba ta kuma san bakin gona ba.

Saboda haka akwai tambayoyi uku da ya kamata malami ya saba wa ɗalibansa da su kafin su kwafi kowane jeri: a wace shekara aka rubuta shi, wa ya sa a rubuta, kuma wace ƙasa sunan nan ya rufe a wannan shekara? Aikin da ya fi dacewa da aji shi ne kowane ɗalibi ya ɗauki garinsu, ya bi shi a shekarun 1900, 1921, 1934, 1967, 1976, 1987 da 1996, ya rubuta wanda ke sama da shi a kowace, da inda ya samo amsar. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai ƙara cewa haka abin ya ke tun fil azal ba.

Abin da ya rage kuwa nauyi ne a kan sassan Hausa da na tarihi. Ana bukatar littafi guda da Hausa wanda zai bi gundumomin Katsina da Daura ɗaya ɗaya, ya faɗi shekarar da aka yanka kowace da inda aka yanko ta, ya haɗa da ɓangaren Maraɗi, ya kuma tsai da kalma guda ga kowane mataki na mulki. Kayan aikin suna nan a Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da bakin hakimai da magaddai. Takardu suna iya jira, amma dattawan da suka ga zamanin En'e da idonsu suna ƙarewa, kuma da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.